Daga Jidda zuwa Kano: Riyal nawa ne kuɗin mai a cikin tikitinka?

Duk wanda ya je wurin ejan a Shara Mansur da ke Makka ko a Bab Sharif da ke Jidda neman tikitin gida, aka faɗa masa kuɗin da ya sa shi dafe ƙirji, bayanin da zai ji ɗaya ne: "Wallahi Alhaji, mai ne ya tashi." Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai rabon mai a cikin tikiti abu ne da ake iya lissafawa da biro da takarda, kuma idan aka lissafa sai a tarar tashin mai yana ɗaga ƙasan farashi ne da wasu 'yan ɗaruruwan riyal. Idan tikiti ya ninka, akwai wani dalilin da ya hau kan wancan, ko tsawon hanya, ko cinkoson lokaci, ko canjin dala.

Masu zama a nan Saudiyya sukan yi wata tambaya mai ma'ana: ƙasar mai ce, litar fetur mai lamba 91 tana kan riyal 2.18 tun watan Yulin 2021 da gwamnati ta ƙayyade ta, to wane mai ne ya tashi? Jirgi ba fetur yake sha ba. Kananzir ne da aka tace sosai, ana kiransa Jet A-1, kuma cinikinsa da dala ake yi bisa farashin kasuwar duniya, ba bisa farashin gidan mai na unguwa ba. Farashin nasa hawa biyu ne. Akwai kuɗin ɗanyen mai, wanda ake ji a labarai, sannan akwai abin da matata ke ɗorawa na tacewa. A shekarun kwanciyar hankali wannan ƙarin yakan tsaya tsakanin dala 10 zuwa 20 a kowace ganga. A 2022, bayan Rasha ta shiga Yukren, ƙarin ya haura dala 40, domin kananzir da dizal daga sashe ɗaya na ganga suke fitowa, duniya kuma tana rububin dizal a lokacin. Shi ya sa mutum zai ji an ce ɗanyen mai ya sauko amma kamfanin jirgi na ci gaba da kuka, kuma ba lallai ƙarya yake yi ba.

Ga ma'aunan da ake buƙata. Ganga ɗaya lita 159 ce. Litar kananzir ɗin jirgi tana da nauyin kusan giram 800, saboda haka tan ɗaya yana daidai da kusan ganga 7.9. Matuƙa da nauyi suke awon mai, ba da lita ba, domin zafi yana kumbura shi sanyi yana tsuke shi, nauyin kuwa ba ya canzawa. Airbus A330, irin wanda ake yawan gani a hanyoyin Afirka, yana ƙona kusan tan 6 a awa. Boeing 777-300ER yana cin tan 7 zuwa 8. Boeing 787-9 yana wajen tan 5 da ɗoriya. Tsohon Boeing 747-400, wanda ya daɗe yana jigilar alhazan Nijeriya, yana haura tan 10.

To mu ɗauki misali, lissafi ne kawai don a ga girman abin. Tsakanin Jidda da Kano kusan kilomita 3,400 ne a miƙe, wato tafiyar da ba ta wuce awa biyar ba. A330 zai sha tan 30. Idan gangar kananzir tana dala 100, tan ɗaya ya kama dala 790, man sahun gaba ɗaya dala 23,700. A ce jirgin yana da kujeru 300, an sayar da 240. Kowane fasinja ya ɗauki kusan dala 99, wato riyal 370 a kan canjin 3.75 da riyal ke kai tun 1986. Yanzu a ce ganga ta tashi zuwa dala 130, ƙarin kashi 30 cikin 100, wanda babban tashi ne da duk jaridun duniya za su ɗauka. Man sahun ya koma dala 30,810, rabon fasinja ya koma dala 128. Bambancin riyal 111 ne a tafiya ɗaya, riyal 222 zuwa da dawowa. Ko a wannan ma an yi wa kamfanin adalci fiye da kima, domin ba a cire abin da kayan kargo da ke cikin cikin jirgin suka biya ba, ba a kuma cire na masu kujerun gaba ba, waɗanda mutum ɗaya cikinsu ke biyan kuɗin mutum uku ko huɗu.

Akwai gajeriyar hanyar yin wannan lissafi. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, takan nuna cewa mai yana cin kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na abin da kamfanoni ke kashewa a 'yan shekarun nan. Idan abin da ke cin kashi 30 ya tashi da kashi 30, jimlar kashe kuɗi ta tashi da kashi 9. A dogon zango rabon mai yakan fi haka, domin kuɗin sauka da na ma'aikatan ƙasa sau ɗaya ake biyansu komai tsawon tafiya, injin kuwa bai daina sha ba. A ce ya kai kashi 40, ƙarin zai zama kashi 12. Duk wanda aka ce masa tikitin riyal 2,500 ya koma 4,500 saboda mai, ya san cewa mafi yawan ƙarin daga wani wuri ya fito.

Abin da ya fi tashin ganga illa ga hanyarmu shi ne yaƙin Sudan. Layin da ya miƙe daga Jidda zuwa Kano yana tsallake Bahar Maliya, ya ratsa Sudan a kwance, ya bi ta Chadi ya faɗa Nijeriya. Ranar 15 ga Afrilun 2023 faɗa ya ɓarke a Khartoum, har wani A330 na Saudia da ke shirin tashi ya lalace a filin jirgin, aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Daga nan jirage suka koma zagaye, ko dai ta arewa ta wajen Masar, ko ta kudu ta Habasha da Kenya da Uganda, a ɓullo ta Afirka ta Tsakiya da Kamaru. Tafiyar awa biyar ta doshi bakwai. A koma kan lissafinmu: ƙarin awa biyu tan 12 ne, dala 9,480, wato kusan riyal 148 a kan kowane fasinja a tafiya ɗaya, ba tare da ganga ta motsa ko da sisi ba. Zagayen shi kaɗai ya fi tashin kashi 30 ɗin nan ciwo. Kuma ba mai kaɗai awa ke ci ba. Albashin ma'aikatan jirgi da awa ake ƙirga wani sashensa, gyaran inji da awa ake tanadinsa, kowace ƙasa da aka ratsa sararinta tana karɓar kuɗinta, jirgin da ya ɓata awa huɗu a zuwa da dawowa kuma ya rasa wani sahun da zai iya yi a ranar. Yaƙin ya kuma kashe hanya mai sauƙi da mutanenmu suka saba, ta sauka a Khartoum a hau Badr ko Tarco zuwa Kano. Raguwar masu gasa a hanya ita ma ƙarin kuɗi ce, ko da ba a rubuta ta a tikiti ba.

A Hajjin 2023 aka ga abin a fili. Kamfanonin da Hukumar Alhazai ta Nijeriya ta zaɓa suka nemi ƙari saboda rufe sararin Sudan, aka tsaya a kan dala 250 ga kowane maniyyaci, har aka zaftare wani ɓangare daga kuɗin guzuri. Mutane da yawa sun ga kamar an yi zalama. Amma jirgin shata na alhazai ba kamar jirgin kasuwa ba ne. Yana zuwa Jidda ko Madina a cike ya koma gida wayam ya ɗebo wasu, bayan Arfa kuma ya zo wayam ya koma a cike. Alhaji sau biyu ya hau, jirgin sau huɗu ya yi tafiyar dominsa. Ƙarin dala 9,480 sau huɗu, a raba wa mutum 300, ya kama kusan dala 126 na mai zalla, kafin a sa sauran abubuwan da awa ke ci. Jirgin da ba kowa a ciki ya fi shan mai kaɗan, don haka a ɗan rage, amma duk da haka adadin da aka nema bai yi nisa da hankali ba. Wannan tafiya wayam ita ce dalilin da ya sa tashin mai ke dukan kujerar Hajji kusan ninki biyu na yadda yake dukan tikitin ɗan kasuwar Kano-Jidda.

Yadda ƙarin ke isowa aljihu

Ƙofa ta farko ita ce wadda ake gani. A buɗe rasit ɗin tikiti, ba takardar jadawalin tafiya da ejan ke turowa ta WhatsApp ba, ainihin rasit mai lambobi 13. A ƙasa akwai kuɗin tushe, sannan jerin haruffa bibbiyu da adadi a gaban kowanne. Yawancinsu harajin gwamnati ne da kuɗin filin jirgi, kamar dala 100 da hukumar filayen jiragen Nijeriya ke karɓa daga mai fita zuwa ƙasashen da ke wajen ECOWAS tun 2020. Amma YQ da YR ba haraji ba ne, ko da an jera su cikin haraji. Aljihun kamfanin suke shiga. Sun yaɗu ne wajen 2004 a matsayin ƙarin kuɗin mai, suka yi ƙiba a 2008 lokacin da ganga ta taɓa dala 147. Da mai ya faɗi, kamfanoni da yawa ba su cire su ba, suna kawai suka canza musu zuwa ƙarin da kamfani ya ɗora. A Japan ne abin yake da tsari: JAL da ANA suna sabunta nasu duk wata biyu bisa matsakaicin farashin kananzir a kasuwar Singafo, da jadawali da kowa zai iya dubawa, idan ya sauka su sauke. A hanyoyinmu babu wannan. YQ yana iya zama kashi ɗaya cikin uku ko rabin jimlar tikiti, kuma ba shi da wata alaƙa ta dole da abin da jirgin ya ƙona.

Me ya sa kamfani ya fi son ƙara YQ a kan ƙara kuɗin tushe? Domin rangwame da kamasho galibi a kan tushe ake lissafa su. Idan aka ce yaro yana biyan kashi 75 cikin 100, na tushen ake nufi, YQ kuwa sau da yawa cikakke zai biya. Magidanci mai 'ya'ya huɗu da ke shirin kai iyali gida hutun makaranta ya kula da wannan, domin rangwamen da ya ƙirga a kan jimla ba zai same shi ba. Haka mai tara maki a katin kamfani: za a ba shi tikitin kyauta, a ce ya biya YQ da haraji, sai ya ga kyautar ta ci masa riyal dubu. Wurin mayar da tikiti ma a karanta ƙa'ida. Harajin gwamnati da ba a yi amfani da shi ba yawanci ana mayarwa, amma YQ a tikitin da ba a mayar da kuɗinsa wasu kamfanoni suna riƙewa.

Ƙofa ta biyu ba a ganinta, kuma ta fi ta farko cizo. Sashen talakawa na jirgi ɗaya yana da matakan farashi fiye da goma, kowanne da harafinsa, Y a sama, sauran suna gangarowa. Kujera iri ɗaya, shinkafa iri ɗaya, kuɗi daban. Kwamfutar kamfani ce ke yanke kujeru nawa za a saki a kowane mataki. Idan mai ya yi tsada, ba sai an sanar da ƙarin farashi ba, sai kawai a rage kujerun matakai uku na ƙasa daga arba'in zuwa goma. A takarda farashi bai canza ba. A zahiri wanda ya zo saye bayan kwana biyu ba zai sami mai arhar ba. Wannan ne ya sa mutum biyu ke zaune kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya biya 2,200 ɗaya 3,900.

Ta uku ita ce rage sahu. Hanyar da ke tafiya da ƙyar a lokacin arha takan zama asara idan mai ya tashi, sai kamfani ya mayar da sau biyar a mako zuwa uku, ko ya sa ƙaramin jirgi. Kujeru sun ragu, matafiya ba su ragu ba.

Duka wannan ba ya faruwa rana ɗaya. Tikitin da aka riga aka sayar an sayar, kamfani ba zai bi mutum ya ce ya ciko ba. Sannan wasu kamfanoni suna ƙulla cinikin mai tun kafin lokaci a kan tsayayyen farashi, kamar magidancin da ya sayi buhunan masararsa da kaka: idan bazara ta zo da tsada yana cikin rufin asiri, idan kuma hatsi ya karye shi ne ya yi asara. Ryanair ya yi suna wajen yin haka da mafi yawan mansa. Cathay Pacific ya tafka babbar asara a 2016 da 2017 saboda ya ƙulla da tsada mai ya faɗi. Manyan kamfanonin Amurka sun daina, Delta ma matata sukutum ya saya a 2012. Abin da wannan ke nufi ga mai saye shi ne kamfanoni biyu a hanya ɗaya suna iya jin zafin tashin mai a lokuta daban, kuma yakan ɗauki makonni zuwa watanni kafin ya bayyana sosai a tikiti. Saukowa ta fi hawa jinkiri, domin babu mai gaggawar rage farashin da mutane suka riga suka saba biya, sai in abokin gasa ya tilasta shi.

Ɓangaren Nijeriya yana da nasa ciwon. A farkon 2022 litar man jirgi tana wajen naira 200, kafin tsakiyar shekara ta kai 700, har ƙungiyar kamfanonin jiragen cikin gida ta yi barazanar ajiye aiki ranar 9 ga Mayu kafin ta janye. Man Kano kuma ya fi na Legas tsada, domin a tanka ake hauro da shi kusan kilomita dubu. Matatar Dangote da ta fara aiki a 2024 ta rage dogaro da shigowa da shi daga waje, har Alhaji Aliko Dangote ya sanar a farkon 2025 cewa sun sayar wa Aramco, kamfanin man Saudiyya, man jirgi, abin da da can ba mai tsammani. Amma samuwar mai a gida ba ta raba farashinsa da dala ba.

Saboda wannan bambanci na farashi tsakanin filaye, matuƙi yakan sha mai fiye da buƙatarsa a inda yake da arha don ya rage saye a inda yake da tsada. Dabarar tana da iyaka, domin ɗaukar nauyi shi ma mai yake ci, kusan kashi 3 cikin 100 na nauyin a kowace awa. Tan ɗaya na ƙari a tafiyar awa biyar zai ƙone kilo 150 don ɗaukar kansa kawai. Dama doka ta riga ta ɗora wa jirgi man da ba zai ƙona ba: na ko-ta-kwana wajen kashi 5 cikin 100 na man tafiya, na zuwa wani filin idan na farko ya ƙi saukuwa, da na shawagin minti 30 na ƙarshe. Lokacin hunturu, idan ƙurar harmatan ta rufe Kano, ana ƙara na jira ko na karkata zuwa Abuja.

Wannan ƙa'ida ta kashi 3 tana tona wani asiri. Jaka mai kilo 23 a tafiyar awa biyar tana jawo ƙona mai kusan kilo uku da rabi, abin da ya kama wajen riyal 10. Ɗaruruwan riyal ɗin da ake karɓa a wurin awo idan kaya sun yi yawa ba kuɗin mai ba ne. Kuɗin gurbi ne, wanda da an sayar wa masu kargo, kuma hanyar samun riba ce. Mai kai tsaraba da yawa ya sayi ƙarin jaka ta intanet tun kafin ranar tafiya, ya fi sauƙi a kan biya a gaban sikeli, ko ya bai wa masu kargo tun da wuri.

Ga masu doguwar tafiya ta gaske, ɗalibai da ma'aikatan da ke zuwa Amurka ko gabashin Asiya, lissafin ya fi nauyi. Jidda zuwa Los Angeles wajen awa 16 ne a 777-300ER, kusan tan 120 na mai. A kan dala 790, rabon kowane ɗaya cikin fasinja 240 ya kusa dala 400. Tashin kashi 30 zai ƙara wajen riyal 445 a tafiya ɗaya, kusan 900 zuwa da dawowa. A irin wannan zango, man da za a ƙona a awa ta goma sha biyar an ɗauko shi tun daga Jidda, an biya kuɗin dakonsa awa goma sha huɗu. Shi ya sa hanyoyi mafi tsawo su ake fara yi wa ƙari, su ake fara rufewa. Masu bi ta Turai kuma akwai sabon abu: daga 2025 Tarayyar Turai ta wajabta haɗa kashi 2 cikin 100 na man da ba daga rijiya aka haƙo shi ba, wanda ake yi da irin su tsohon man girki, za a kai kashi 6 a 2030. Ya ninka kananzir tsada sau biyu ko fiye, kuma Lufthansa ya riga ya sa ƙarin kuɗi na musamman a tikitin jiragen da ke tashi daga can, daga yuro 1 zuwa 72 gwargwadon nisa da kujera.

Hujja mafi ƙarfi cewa mai ba shi ne mai yanke farashi ba tana cikin tikitin yada zango. Mai bin Qatar Airways daga Jidda zai fara yin gabas zuwa Doha, ya juya baya ya sake ratsa Saudiyya kafin ya nufi Kano. Ya ƙona mai fiye da wanda ya tafi kai tsaye nesa ba kusa ba, amma sau da yawa tikitinsa ya fi arha. Haka mai bin Ethiopian ta Addis Ababa ko EgyptAir ta Alƙahira. Waɗannan kamfanoni suna da kujerun da dole su cika a sahu biyu, kuma sun san ba wanda zai yarda da zaman jiran awa shida sai an rage masa. Kai tsaye kuwa ana sayar da sauƙi ne, musamman ga tsofaffi da mata masu goyo.

Sai canjin kuɗi. Mai karɓar albashi da riyal yana da kariyar da ɗan'uwansa na gida ba shi da ita, tunda riyal a ɗaure yake da dala. Kamfanin jirgi da dala yake biyan mai da hayar jirgi da kayan gyara. Da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700 a dala, ta haura 1,500 a farkon 2024, tikitin Umara ya ninka a naira fiye da sau biyu alhali a dala bai yi wani motsi mai yawa ba. Kafin nan ma, lokacin da kuɗin kamfanonin waje sama da dala miliyan 800 suka maƙale a Nijeriya, kamfanonin sun rufe matakan arha ga duk mai saye daga can, Emirates ya dakatar da zuwa a ƙarshen 2022 bai dawo ba sai Oktoban 2024. Don haka mai gayyato mahaifiya ko mata da bizar ziyara ya tambayi farashi a wuri biyu, a nan da riyal, a gida da naira, a rana ɗaya kuma a sahu ɗaya. Tikitin da ya fara daga Kano farashinsa daban da wanda ya fara daga Jidda, kuma inda aka yanke shi yana iya canza matakin da za a samu.

Lokaci kuwa ya fi komai. A goman ƙarshe na Ramadan da makon bayan Sallah, ko mai ya zama kyauta tikiti ba zai yi arha ba. Amma cinkoson gefe ɗaya yake bi. Daga farkon azumi zuwa tsakiyarsa jirage suna shigowa Jidda da Madina maƙil, suna fita da sauran wuri. Bayan Sallah abin ya juya. Mazaunin Makka da zai yi Sallah a gida, idan ya fita wajen goma ga wata ya dawo a Shawwal, ya saɓa wa taron a zuwa da dawowa. Wanda ya ce sai ya ga khatma a Harami sannan ya tafi, da masu Umara zai yi rububin kujera. Hutun makarantu na bazara, daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta, shi kuma duk baƙin ƙasar ne ke fita lokaci guda, a nan sai dai a saya da wuri, wata biyu ko uku kafin tafiya.

Kurakuran da ke cin kuɗi a lokacin da farashi ke hawa sanannu ne. Ejan ya kama wa mutum kujera ya ba shi lamba mai haruffa shida, shi kuma ya tafi neman cikon kuɗi yana ganin ya tsare farashi. Bai tsare ba. Kujera aka riƙe, kuɗin kuwa na ranar da aka yanke tikiti ne, idan YQ ya ƙaru a daren sai ya biya sabo. Shaidar an yanke ita ce lambar nan mai 13, wadda ukun farkonta ke nuna kamfani: 065 Saudia, 071 Ethiopian, 077 EgyptAir, 157 Qatar. A shiga shafin kamfanin da lambar a tabbatar, kafin a bar ofishin.

Canza rana ma tarko ne. Ana faɗa wa mutum kuɗin canji, a manta a faɗa masa bambancin farashi. Idan bai fara tafiya ba, yawanci sabon lissafi ake yi gaba ɗaya a kan farashin yau, da sabon YQ, da matakin da ya rage a jirgin. Idan ya riga ya yi zuwa, dawowar kawai zai canza, galibi ana komawa ne kan farashin ranar da ya saya, muddin akwai kujera a harafinsa. Wanda ya san ranar dawowarsa ce ba ta da tabbas, gara ya bari sai ya isa gida ya canza. Kuma kada a yi wasa da ƙin hawa sahun farko da niyyar amfani da na dawowa, kwamfuta tana soke sauran tafiyar da kanta.

A daidaita ranar dawowa da bizar fita da dawowa tun kafin a biya. Ta sau ɗaya riyal 200 ce har wata biyu, kowane ƙarin wata riyal 100, kuma ba ta wuce wa'adin iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya. Mutum yakan ga tikiti mai rangwamen riyal 300 idan ya jinkirta dawowa da kwana huɗu, ya saya, sai daga baya ya lura kwanakin sun tsallake wa'adin da ke Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya da ake duba biza a ciki. Sai ya koma bin kafili, wato uban gidan da yake zaune a ƙarƙashinsa, a tsawaita masa daga nesa, ko ya canza tikitin a farashin ranar. Haka mai haɗa tikiti biyu daban, ɗaya zuwa Legas ko Abuja ɗaya na cikin gida zuwa Kano ko Sakkwato: idan na farko ya makara saboda zagaye ko ƙura, kamfani na biyu ba ruwansa, kuma kilo 46 ɗin da aka yarje masa daga Jidda zai tarar jirgin cikin gida bai san da su ba, sai ya biya kuɗin awo a kan abin da ya haura nasu ma'aunin.